Yinin da na yi a sansanin Alkasar na Toledo

Asabar, da daddare.

Da safe na hau jirgin ƙasa daga Madrid, cikin kimanin rabin sa'a na isa Toledo, na nufi Alkasar, tsohon sansanin da ke bisa tudun birnin, wanda yanzu ya zama gidan tarihin sojojin Sifaniya. A nan ne a shekarar 1936, farkon yaƙin basasar ƙasar, Kanar José Moscardó, na ɓangaren sojojin da suka yi wa gwamnati tawaye, ya fake da mayaƙa kusan 1,000, yawancinsu jandarmomi, tare da ɗaruruwan mata da yara, dakarun gwamnatin Jamhuriya kuwa suka yi musu ƙawanya tun daga 21 ga Yuli. Da abinci ya yi ƙaranci, dawakai da alfadaran sansanin suka riƙa yankawa. A 18 ga Satumba aka tayar da nakiyoyin da aka haƙa rami aka binne a ƙarƙashin ginin, hasumiya guda ta rushe, amma na ciki ba su miƙa wuya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shawarar kai musu ɗauki. Rundunar Janar Franco, ɗaya daga cikin jagororin 'yan tawayen, ta riga ta kama hanyar Madrid, sai ya ba da umarnin a karkata zuwa Toledo, duk da cewa sansanin ba shi da wani amfani babba a fagen daga. Janar Varela ne ya jagoranci dakarun, da yawansu Musulmi ne 'yan Maroko, suka karya ƙawanyar a 27 ga Satumba. Ba a yi mako guda ba aka naɗa Franco shugaban ƙasa a ɓangaren 'yan tawaye, yayin da jinkirin ya ba Madrid damar shiri har makaman Tarayyar Sobiyet suka iso, birnin bai faɗi ba sai a Maris na 1939. A ganina, kujerar shugabanci ce ya hango, ba tausayin waɗanda aka tsare kaɗai ba.

Na daɗe tsaye a farfajiyar ina tuna mayaƙan Jamhuriya da suka jikkata, waɗanda aka kashe a gadajen asibiti bayan 'yan tawaye sun ƙwace Toledo. Sai da mai gadi ya sanar cewa za a rufe ƙofa sannan na gangara zuwa tasha.