Godiya bayan kwana goma sha tara ina kokawa da zare biyu

Alhamdu lillahi. Yau kwana uku ke nan manhajar kwamfutar da nake rubutawa tana aiki ba ta daskare ba, ba ta faɗi ba, kuma jiya ne na fara yin barci ban zabura tsakar dare na duba allo ba. Ku da kuka bi ni tun farko kun san yadda aka yi: zare biyu, wato hanyoyin aiki biyu da ke gudana lokaci guda a cikin manhajar, su suka riƙa ba ni wahala, ba sai na maimaita sauran ba. Godiya ce ta kawo ni.

Daren Talatar nan ne ba zai fita a raina ba. Saura kwana biyu mu miƙa aiki, na danna maɓallin tsayawa, sai tagar manhajar a kan allo ta ƙi motsi. Bayan daƙiƙa biyar Windows ta dusashe ta, ta rubuta cewa ba ta amsawa. Da faɗuwa ta yi ma da sauƙi, ko ba komai ta bar sawu. Wannan kuwa shiru kawai, ko fankar kwamfutar ba ta ɗaga murya ba. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne, duk sanda na saka layin da zai buga mini abin da ke faruwa, sai matsalar ta ɓuya, domin ɗan jinkirin nan ya isa ya sauya wanda zai riga wani tsakanin zaruruwan. Na zauna hannuna yana rawa, ina lissafin abin da zan faɗa da safe.

Ƙarfe biyu saura na kira Oga. Ya hana ni ambaton sunansa, amma duk kun san shi, mai farin gemun nan da ya fara koya mini C++, harshen rubuta manhaja. Bai tambaye ni ƙarfe nawa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, bar gyara. Tsayar da ita, ka karanto mini inda kowane zare ya tsaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babban zare yana jiran zaren aiki ya gama."

"Shi kuma na aikin fa?"

Sai da na duba na ji kunya ta rufe ni. Zaren aikin ya aika saƙo ta BlockingQueuedConnection, wato hanyar aikawa mai tsayar da wanda ya aika, ya tsaya sai babban zare ya karɓa, shi kuwa babban zaren ya daina duba layin saƙonni saboda yana jiransa. Cirko-cirko suka yi, kowa na jiran kowa. Ni na ɗaura wannan ƙullin da hannuna, wai don kada in taɓa taga daga wani zare, tunda a Qt, kayan aikin da na gina manhajar da su, babban zare kaɗai ke da izinin taɓa abin da ke kan allo.

Oga bai yi mini dariya ba. Ya zauna da ni a waya har asuba muna cire makullan da na barbaza ko'ina don hana zare biyu taɓa bayani ɗaya lokaci guda. Ya sa kowane bayani ya zama mai shi ɗaya ne: zaren aiki ya tara abin da ya karanto, ya miƙa kwafi ta sigina mai bin layi, ya ci gaba da sabgarsa ba ya waiwaye. Na yi ƙorafin kwafi zai ci ƙwaƙwalwa, ya tuna mini cewa jerin bayanai na Qt ba ya yin kwafi na gaske sai an zo yin rubutu a cikinsa. Ya kuma hana ni aika saƙo kan kowane awo ɗaya da zaren aikin ya karanto. Allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, me zai yi da saƙo dubu? Allah ya saka maka da alheri, Oga, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifa, ya ba 'ya'yanka masu tsaya musu yadda ka tsaya mini.

Ƙanwata a wurin aiki, wadda ta haɗa manhajar a Linux don kawai ta bi ta da ThreadSanitizer, kayan aikin gano inda zaruruwa ke karo kan bayani ɗaya, ke ma na gode. Ta haƙura da nawar da yake jawowa, har ya nuna mata wata 'yar alamar tsayawa da zare biyu ke taɓawa ba kariya. Tun 2011 std::atomic, wanda ke ba irin wannan alama kariya, yake cikin harshen C++, ni ina can ina amfani da bool tsura, wato alamar i ko a'a marar kariya. Allah ya ɗaukaka ki, ya sa ki fi mu.

Umma, wadda ba ta san mene ne zare a kwamfuta ba amma kullum sai ta tambaya ko ya warware, Allah ya bar mana ke. Maiɗakina, kin sha shirun da ba ki cancanta ba, ki yafe.

Akwai 'yan'uwan da suka ga ban zo ko'ina ba kusan mako uku, ba wanda ya ɗaga waya ya ji ko lafiya, sai jiya da ɗaya ya kira a duba masa kwamfutarsa. Ba komai, na ce ya kawo.

Waɗanda suka turo shawara, har da wadda ban bi ba, Allah ya biya ku. Wayata za ta kasance a kashe zuwa jibi.