Masar Baba mai inji

Winnipeg, Kanada, 25 ga Disamba

Ƙarar injin share dusar ƙanƙara na Baba, dattijon maƙwabcinmu, ce ta tashe ni, tun wayar Abban Walida ba ta kira asuba ba. Na leƙa ta tagar baya na hango shi a lungu cikin jar rigar nan tasa, gashin bakinsa ya yi fari fat da ƙanƙara, yana tura inji yana feso dusa gefe. Katafilar hukuma ta bi lungunmu jiya da yamma, kuma kun san halinta: ta share hanya ta tara maka tudu a bakin gareji, mai taurin da shebur ba ya cinsa sai an sassara. Kafin Abban Walida ya gama neman safar hannunsa ɗaya, bawan Allahn nan ya gama namu ya wuce na 'yan Filifin da ke gefenmu. Ko ƙwanƙwasa ƙofa bai yi ba. Dama ba ya yi.

Waya ta nuna 29 ƙasa da sifili, da iska kuma a ce 40. A irin wannan, fatar da aka bari a buɗe minti goma sun isa ta daskare. Rana ba ta leƙo ba sai wajen takwas da rabi, huɗu da rabi kuma an yi magariba. Ka idar da azahar ka ɗora tukunya, la'asar ta yi. Shaguna duk a rufe, yara suna hutu, Abban Walida ba aiki. Mu biyar a gida ɗaya, ba mai fita, kowa na jin numfashin kowa.

Masa na yi. Tun jiya na jiƙa shinkafa, ƙullun kuma sai da na saka shi cikin oba na kunna masa fitila kawai ya kwana, in ba haka ba a garin nan ba zai tashi ba ko za a kwana ana roƙonsa. Miyar taushe da kabewa, alayyahu na firiza, gyaɗar kwalba. Tandar ƙarfen da Anti ta kawo min tana nan tana aikinta. Zubin farko Abba da Auta suka tsaya a kaina suka cinye a tsaye. Na biyu na ce na Baba ne, duk wanda ya taɓa ni da shi.

Na naɗe kular da tawul, na sa duk abin da ake sawa, na ja Walida muka tsallaka. Tsakaninmu da ƙofarsa bai fi taku talatin ba, amma kafin mu isa gashin idona ya fara mannewa.

Ya buɗe, ya ja mu cikin ɗan zauren da ake cire takalma, ya rufe da sauri. Ya karɓi kular da hannu biyu yana ta cewa da ban wahalar da kaina ba. Na ce shi da ya fito da duhu ya share mana lungu bai wahalar da kansa ba? Ya ce inji ne ya yi, shi tura shi kawai yake yi. Na ce to ya zo mu ci abincin rana tare, Abban Walida ma ya ce in gaya masa. Ya yi murmushi ya girgiza kai. Wai ɗansa na Calgary zai kira da ƙarfe ɗaya, 'yar kuma ta Vancouver sai yaranta sun gama buɗe kyaututtuka, su can agogonsu awa biyu yake bayan namu. Ba ya son su kira su tarar ba ya gida. Walida, da bakinta ba ya riƙe magana, ta ce ai wayar hannu ce, ya taho da ita mana. Ya ce sun fi son su gan shi zaune kusa da bishiya.

Daga inda nake tsaye ina hango teburinsa. Faranti biyu. Ya ga inda nake kallo, ya ce al'adarsu ce, daren jajiberin Kirsimeti ana ajiye wa wanda ya rasu gurbinsa, bai dai kwashe ba ne. Kakanninsa daga Yukiren suka zo yankin nan yin noma, kamar dubban 'yan uwansu da suka fara kwararowa tun 1891. Ya ce marigayiyar matarsa abinci kala goma sha biyu take dafawa a daren, ba nama ko ɗaya a ciki. Shi bana ɗaya ya iya. Ya shiga ya ɗebo mana a ƙaramin kwano: dafaffiyar alkama da zuma da wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana. Ya ce in kwantar da hankalina, ba giya ba komai, ya san dokarmu.

Na dawo gida da zafina. 'Ya'ya biyu, manya, masu aiki, a ce babu wanda zai zo ya zauna da tsohon nan a Kirsimetinsa na farko ba matarsa? Na faɗa wa Abban Walida, ya ce kada in shiga abin da ban san cikinsa ba. Sai na ajiye maganar don Hajiya, mahaifiyata da ke Kaduna, na san ita za ta taya ni.

Ƙarfe goma na kira, can biyar na yamma ke nan. Ta ɗauka tana cikin suwaita da mayafi biyu, ga kaskon gawayi a gabanta. Wai bana hunturun Kaduna ba a magana, hazo ya rufe gari, tun safe ba wanda ya yi wanka sai da rana ta take. Abba ya juya mata wayar ya nuna mata tsakar gidanmu, dusa ta kusa shafe katanga. Ta ce “Maigidan, haka za ka bar ni in zo gidan da ba ka share ba? To na fasa auren.” Ta tsokani kishiyarta Walida a kan kitso, Auta ya yi mata karatun Fatiha da gudu ya tsere. Da suka watse na kwashe labarin Baba na ba ta, da farantin, da alkamar, da jiran wayar. Har da ƙari na yi, na ce mutanen nan ba su san darajar iyaye ba.

Ta yi shiru tana gyara garwashi. Can ta ce, “Garin da ɗan nasa yake, tafiyar nawa ce?”

Na ce awa biyu a jirgi, Hajiya. Awa biyu kacal.

Ta ce, “Allah sarki. Ke kuma naki nawa ne?”

Sai ta sa dariya, irin dariyarta mai tari a ƙarshe, ta ce wasa take yi, in kai masa abinci kullum, haƙƙin maƙwabtaka ba ya tambayar addini. Ta tuna min Maman Ladi da take aiko mana da shinkafa da cincin duk ranar Kirsimeti muna yara, mu kuma mu kai musu nama da layya, kafin rikicin 2000 ya sa su tattara su koma ƙetaren gada. Daga nan ta shiga labarin bikin gidan Kawu, wa ya zo wa bai zo ba, kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Wasa take yi, na sani. Hajiya ba ta taɓa yi min gorin tafiya ba, ita ce ma ta ce in bi mijina. Amma tun da na ajiye wayar nake ta kare kaina a gaban alƙalin da ba kowa ya naɗa shi ba. Ina wanke tanda ina lissafi: kuɗin wata ba ya fashi, maganin hawan jini ni ke saye, injin wuta mu muka sa, kira kusan kullum. To su ma 'ya'yan Baba ai suna kira. Wataƙila ma su suka saya masa injin da yake share mana lungu da shi. Wataƙila a can Calgary akwai wata mata da take ganin ɗan nasa mutumin kirki ne mai son babansa, yadda matan masallacin Waverley suke ce min Allah ya ba ki masu yi miki.

Kuma wa ke hura wa Hajiya gawayin nan? Maman Sadik. Ita ke dafa mata ruwan alwala da asuba, ita ke shafa mata man zafi a gwiwa, ita ke shan faɗanta idan tuwo ya yi tauri. Ni nawa kason shi ne fuskar Hajiya mai fara'a ta minti ashirin, bayan an gama yi mata komai an zaunar da ita. Ban taɓa kiran Maman Sadik don ita kanta ba, sai dai in ce ba wa Hajiya wayar.

Ba wai ba mu nemi ta zo ba. Akwai bizar da Kanada ke ba iyaye, yanzu har shekara biyar mutum zai iya zama a shiga ɗaya in an saya masa inshorar lafiya. Abban Walida ya karanta mata sharuɗɗan kaf. Ta ce ita ba kaza ba ce da za a kai ta a ajiye a firiza, wa zai je mata gaisuwar mutuwa, wa zai je mata suna? Kuma gaskiyarta ce. Me za ta yi a nan daga Nuwamba zuwa Maris, mu muna aiki yara suna makaranta, ita da taga?

Da ɗaya ta yi na samu kaina ina leƙen gidan Baba, wai ko zan gane an kira ko ba a kira ba. Labule a sake.

Zamiyar ƙanƙara a tudun Westview da aka yi wa yara alkawari ta sha ruwa, iska ba ta bari ba. Kuka daga Auta. Abba da Walida suka yi dambe a kan rimot, aka kashe talabijin ɗin gaba ɗaya, aka koma ludo a ɗakin ƙasa, nan ma aka tashi baram-baram. Alkamar Baba ni kaɗai na ci, yara sun ɗanɗana sun yamutsa fuska. Da daɗi, zumar ce dai ta ɗan yi yawa.

Wajen cin abincin dare Walida ta sanar da mu cewa ita jami'a a Vancouver za ta yi, don can ruwan sama ake yi, ba a shebur. Babanta ya ce Allah ya kai mu. Ni ban ce komai ba, na ƙara mata miya.

Bayan isha na buɗe kwamfuta ina duba jirgin Yuli, daga nan zuwa Toronto, sai Addis Ababa, sai Abuja, sannan mota ko jirgin ƙasa zuwa Kaduna. Kujera biyar. Na ga kuɗin na rufe, na sake buɗewa na cire mutum uku, na bar ni da Auta. Abban Walida ya leƙo ta kafaɗata, ya gani, bai yi magana ba. Shi hankalinsa yana kan gobe, ranar da shaguna ke karya farashi, wai zai yi sammako ya bi layi don babbar talabijin. Na ce wadda muke da ita me ya same ta? Ya ce za mu yi magana da safe. Ya zura takalmi ya fita jona mota da wuta, kada gobe sanyi ya hana ta tashi.