Ziyarar Exeter, Garin da Mujiyoyi Suka Yi Wa Gadi

Da sanyin safiyar 15 ga Nuwamba na hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington da ke Landan, na nufi Exeter a kudu maso yammacin Ingila, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Daga tashar St Davids na haura tudu da ƙafa har tsakiyar gari, inda na tarar da tuta fara da ja tana kaɗawa a saman tsohon zauren majalisar birnin. Tutar Poland ce, kuma duk shekara a wannan rana ake ɗaga ta domin tunawa da Runduna ta 307, wato matuƙa jiragen yaƙi 'yan Poland da suka yi gadin garin cikin dare daga 1941 zuwa 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Su da kansu suka danƙa wa birnin tutar ƙasarsu a irin wannan rana a 1942.

Laƙabinsu ne ya fara jan hankalina, domin ana kiran su Mujiyoyin Lwów, sunan wani birni da ke ƙasar Poland kafin yaƙin. A wurinmu mujiya abar tsangwama ce, in ta yi kuka a kan katanga sai a bi ta da jifa, amma ga mutanen da aikinsu ke farawa bayan faɗuwar rana babu sunan da ya fi dacewa. Mutum biyu ke shiga jirgin yaƙinsu mai suna Beaufighter, matuƙi da mai lura da na'urar rada, wanda zai dinga yi wa abokinsa jagora a cikin duhu har sai ya hango inuwar jirgin abokan gaba.

Daga nan na shiga babbar majami'ar birnin, na tsaya a sashen St James, wanda bam ya rushe kafin wayewar garin 4 ga Mayu, 1942. A daren nan jiragen Jamus kusan 40 suka far wa Exeter, a cikin jerin hare-haren ramuwar gayya kan ruwan bama-baman da Birtaniya ta yi wa birnin Lübeck na Jamus. Jirage huɗu kacal rundunar ta iya tayarwa, amma suka kakkaɓo huɗu na Jamusawa. Duk da haka mutum 156 suka rasu, tsakiyar gari kuma ya ƙone. An sake gina sashen bayan yaƙi, kuma a bangonsa akwai allon tunawa da rundunar, na karanta shi a tsanake.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne makomarsu. Lwów, garin da suka ɗauki sunansa, ya koma hannun Tarayyar Sobiyet bayan yaƙin, yau shi ne Lviv a Yukren, kuma da aka rushe rundunar a farkon 1947 da yawansu ba su koma gida ba.

Da la'asar na je maƙabartar Higher Cemetery, inda aka binne wasu daga cikinsu. Na bi layin kaburburan ina ƙoƙarin furta sunayen da harshena bai saba da su ba, har sanyi ya fara shiga yatsuna, sannan na juya zuwa tasha.