Abin da na koya a ajin lissafi kafin in ajiye alli

Yanzu da na miƙa takardar barin aiki, zan iya faɗin abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Koyar da fomula ba wuya. Ka rubuta a allo, ka yi misali biyu, yara su kwafa. Wahalar tana wajen koya wa yaro abin da zai yi a lokacin da bai san abin yi ba. George Polya, malamin lissafi ɗan asalin Hungary, ya fitar da matakai huɗu a 1945: ka fahimci tambaya, ka tsara hanya, ka bi ta, sannan ka waiwaya ka duba. Na koya wa 'yan SS2 su, suka haddace tsaf, suna rerawa. Da na ba su tambayar da ba su taɓa gani ba, sai aka yi tsit. Ashe duk aikin yana cikin mataki na biyu, kuma shi ba ya rubutuwa a allo. Amsar da malami yake rubutawa a tsabtace ta riga ta ɓoye kame-kame da soke-soken da aka yi kafin a kai gare ta, alhali a nan tunanin yake.

Shi ya sa na fara barin su su maƙale. Wata Laraba na ce musu: ga jarka mai lita biyar, ga mai lita uku, ku auno mini lita huɗu daidai. Ajin ya kaure da gardama. Wata yarinya da ke zama a baya, wadda ba ta cika magana ba, tana ta zana jarkoki a bangon littafinta. Ta riga ta gano cewa in an cika babbar aka juye a ƙaramar, lita biyu za ta rage. Sauran ƙiris ta ƙarasa, sai ga mataimakin shugaban makaranta ya shigo. Ya dubi allo, ya ga babu rubutu, ya ce a gaban yaran: "Malam, iyaye kuɗin WAEC suka biya, ba na kacici-kacici ba." Washegari takardar tuhuma ta iso, wai na kauce wa manhaja. Aka umarce ni da in koma bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Ban ce jarrabawa ba ta da muhimmanci ba. Amma duk wanda ya taɓa makin lissafin WAEC ya san ana ba da maki a kan hanyar da ɗalibi ya bi, ba a kan amsa kaɗai ba. Yaron da ya saba neman hanya da kansa ba ya daskarewa in an sauya wa tambaya kama.

Sauran abubuwan da na koya a aikin gajeru ne. Minti arba'in ba ya isar tunani, don haka ka raba tambaya ɗaya kwana biyu. Kada ka yi saurin ceton yaro, ka tambaye shi me ya gwada. Ka cika littafin shirin darasinka kullum, domin shi ake fara dubawa in ana neman laifinka.

Yarinyar ta kawo mini cikakkiyar amsa bayan an tashi, hannunta na rawa don murna. Mataimakin kuwa har na bar makarantar bai taɓa tambayata abin da yaran suke nema a ranar ba, kuma har yanzu abin yana mini ciwo.