Wasiƙa daga Ingila: ga masu neman karatun kwamfuta ta shekarar share fage

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne,

Ina gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya. Tambaya guda ta fi yawa a saƙonnin da ke iso ni daga gida: yaro ya gama sakandare, WAEC ta yi kyau, yana son karanta kimiyyar kwamfuta a Birtaniya, sai jami'a ta ce sai ya yi shekarar share fage tukuna. Raini ne, ko dabarar tatsar kuɗi? Ta wannan hanyar na bi, shi ya sa na ga gara in ba da amsa a bainar jama'a.

Mu fara da ƙidayar shekaru. Ɗan Ingila yana yin shekara 13 a makaranta kafin jami'a. Yana da shekara 16 yake rubuta jarrabawar sakandare ta GCSE, sannan ya ƙara biyu yana A-level, karatun gaba da ita, inda yakan tattara hankalinsa kan darussa uku kacal. Mu kuwa shekara 12 muke yi, kuma yawancin jami'o'in nan suna ajiye WAEC da NECO a sahun GCSE. Digirin Ingila shekara uku ne, an tsara shi bisa zaton ɗalibi ya riga ya zo da A-level a hannu. Wannan giɓin share fage ke cikewa, karatun ya koma shekara huɗu, kamar dai yadda za a yi a gida. Don haka babu raini a ciki. Zancen kuɗi kuwa yana da ƙamshin gaskiya, zan zo kansa.

Abin da dillalan neman gurbi ba su cika fayyacewa ba shi ne share fagen iri biyu ne. Akwai wanda jami'a ta ɗinke shi da digirin ya zama kwas guda, ana nemansa ta UCAS, hukumar neman gurbin jami'o'in Birtaniya, inda ake ba mutum zaɓi biyar. Akwai kuma wanda kamfanoni irin su Kaplan, INTO, Study Group da Navitas ke gudanarwa da haɗin gwiwar jami'o'i musamman don baƙi, sau da yawa a cikin harabar jami'ar, da tambarinta a kan takarda. Yawancin yaranmu na biyun suke shiga. Halal ne, kuma mutane da dama sun fita ta nan lafiya, amma shigarsa ba ya nufin gurbin digiri ya tabbata. Sai an kai makin da aka gindaya.

A nan ne ake tuntuɓe. Maki 40 cikin ɗari shi ne cin jarrabawa a tsarin nan, sai yaro ya ji haka ya saki jiki. Alhali kwamfuta na cikin kwasa-kwasan da ake rububinsu, jami'o'i masu ƙarfi kan nemi 60 ko ma 70, kuma sukan ware lissafi da Turanci su sa wa kowanne nasa sharaɗin. Maki 70 a nan shi ne bakin digiri mai daraja ta ɗaya, malamai ba sa ba da shi da sauƙi. Na ga wanda ya ci kowane darasi, ya gaza kaɗan a lissafi, aka ce ya zaɓi wani kwas ko ya nemi wata jami'a, bayan iyayensa sun biya kuɗin shekara cur.

Lissafin nan fa shi ne zuciyar maganar, ƙanne. Da yawanmu muna zuwa da tunanin kimiyyar kwamfuta ita ce iya sarrafa na'ura, ko gina shafin intanet, ko a ce yaro ai tun yana ƙarami shi ke gyara wa kowa waya. Duk wannan baiwa ce, amma ba ita ake tambaya a aji ba. Fannin daga lissafi ya tsiro. A 1854 George Boole ya shimfiɗa aljabarar gaskiya da ƙarya, wadda har yau a kanta kowace kwamfuta ke yanke hukunci. A 1936 Alan Turing ya siffanta injin lissafi a kan takarda, ya nuna akwai tambayoyin da babu injin da zai iya warware su, tun ba a ƙera irinsa ba. Sai a 1948 wata na'ura a Jami'ar Mancesta ta fara gudanar da umarnin da aka adana a cikin ƙwaƙwalwarta. Shi ya sa a share fage za ka tarar da aljabara, kalkulas, mantiƙi, lissafin yiwuwa, da ƙidaya da sifili da ɗaya kawai. Rubuta manhaja, galibi da yaren kwamfuta na Python ake farawa, kuma a ganina shi ne ɓangare mafi sauƙi ga mai naci. Abin da ke kayar da mutane shi ne a ce ka kawo hujjar cewa hanyar da ka bi za ta yi aiki a kowane hali, ba a misalin da ke gabanka kaɗai ba. Wanda ya saba haddar ƙa'ida ya zuba lambobi yakan sha wuya a nan. In akwai watanni kafin tafiya, a zuba su a kan aljabara, a sauke Python, kyauta ce, a riƙa rubuta ƙananan abubuwa kullum.

Kwafe kuma babban laifi ne a nan. Akwai manhajojin da ke kwatanta aikin ɗalibai, kuma malami na iya kiranka ya ce ka yi bayanin layin da ka rubuta. Wanda ya bar ƙirƙirarriyar basira ta yi masa aikin gida, ranar jarrabawa shi da biro ne kawai.

Yanzu kuɗi. Dokar da ta ƙayyade kuɗin makaranta 'yan ƙasa ta shafa, baƙo abin da jami'a ta yanka shi zai biya. Share fage kaɗai yakan kama daga fam dubu goma sha wani abu zuwa sama da dubu ashirin, kuma shekaru ukun da ke biye ba sa sauka ƙasa. Kuɗin kiwon lafiya na ɗalibi ya koma fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, ana biyansa gaba ɗaya wajen neman biza. Dole a nuna kuɗin zama na wata tara, sama da fam 1,100 kowane wata a wajen Landan, kuma su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Ga gwajin tarin fuka. In share fagen ba a ɗinke yake da digirin ba, ƙasa da matakin digiri yake a idon hukumar shige da fice, don haka sai an yi jarrabawar Turanci ta IELTS irin wadda hukumar ta amince da ita, aikin da aka yarje kuma ba ya wuce awa 10 a mako lokacin karatu, ba 20 ba kamar na masu digiri. Duk wanda ya ce muku yaro zai biya wa kansa makaranta da aikin nan, bai faɗi gaskiya ba.

Mun ga abin da faɗuwar naira ta yi a 2023 da 2024: ɗalibai suka kasa biya, aka cire wasu daga rajista, biza ta bi. Iyaye, ku yi lissafin shekara huɗu, ba ɗaya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku sani kuma izinin zama na shekara biyu bayan digiri, wanda aka fara a 2021, zai koma wata 18 daga Janairun 2027, don haka mai shiga share fage yanzu sabon tsarin zai tarar.

Ba dole ne a yi wannan shekarar a nan ba. Ana yin A-level a gida, NCUK, wani haɗin gwiwar jami'o'in Birtaniya, ma tana da cibiyoyin share fage a Nijeriya, wasu jami'o'in kuma sukan karɓi wanda ya gama shekarar farko a jami'ar gida da sakamako mai kyau. Haya da kuɗin zama na shekara guda ba ƙaramin abu ba ne a tsimi. Dillali ba lallai ya faɗa muku wannan ba, domin yawancinsu daga makarantar da suka kai wa ɗalibi ladarsu ke fitowa.

Kafin a biya kafin alƙalami, ku rubuta wa makarantar da kanku, ku nemi amsa a rubuce: maki nawa ake buƙata don shiga digirin kwamfuta, nawa a lissafi shi kaɗai, akwai damar sake jarrabawa, kuma me za a mayar muku idan aka hana biza.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Ingila