Rami shuɗi ne amma gudun USB 2 yake yi

Har yanzu in na ji wani ya ce "ai sa maus ka gani, in ya yi aiki to ramin lafiyarsa lau" sai raina ya ɓaci wallahi. Wannan gwajin ne ya sa na fid da rai da had dis ɗina na je na sayi sabo alhali babu abin da ya same shi. Kwamfutar tebur ce, ramukan USB na gaba shuɗayen nan (shuɗi alamar USB 3 ce, mai babban gudu), maus na yi, kibod na yi, filas ma yana buɗewa, amma da na jona had dis na fara kwafar manyan fayil sai abu ya kama jan ƙafa, can ya katse ya sake dawowa da kansa. Sai da sabon ma ya zo ya kama yin haka sannan hankalina ya koma kan ramin.

Wani abokin aiki ne ya ara min na'urar lufbak ta kamfanin PassMark, wadda ake gwada ramin USB da ita, mai ɗan allo a jiki. Masu tuna zamanin siriyal, tsohon ramin kwamfuta kafin USB, sun san in za a gwada shi fil na 2 da na 3 (siraran ƙarafan cikin ramin) kawai ake haɗawa an gama, to USB ba ya yarda da wannan dabarar, dole sai an sami na'ura mai ƙwaƙwalwa da za ta amsa wa kwamfuta. Manhajar na tura mata bayanai, ita kuma ta maido, a gwada a gani ko abin da ya fita shi ya dawo, tana kuma nuna maka gudun da aka daidaita a kai da ƙarfin wuta.

Ramukan baya duk sun fito fes, 5 Gbps (wato 5,000 Mbps, gudun USB 3), wuta wajen volt 5, babu kuskure. Na gaba ma da na gwada, babu kuskure ko ɗaya! Saura kaɗan na zare na ce shi ke nan rami ba shi da laifi, sai idona ya kai kan gudun, 480 Mbps. Rami shuɗi fa. Wato ya ci jarabawa ne amma a ajin USB 2.

Abin da maus ba zai taɓa gaya maka ba ke nan. Ramin USB 3 fil 9 gare shi, 4 na tsohon tsari su ne wuta da ƙasa da layin bayanai biyu, sai wasu 5 da aka ƙara don babban gudu. In waɗancan 5 ɗin suka sami matsala ramin ba mutuwa yake ba, komawa yake kan tsofaffin 4 ya ci gaba da aiki shiru abinsa. Maus kuwa yawanci 1.5 ko 12 Mbps ya ishe shi, bai ma san da zaman sababbin fil ɗin ba, to ta yaya zai zama shaida? Haba.

Na bar gwajin yana tafiya na buɗe murfin gefe, ina ɗan taɓa kaurarar wayar nan da ta taso daga ramukan gaba zuwa madabod (babban faifan cikin kwamfuta) sai na'urar ta ɓace ta dawo, daidai irin katsewar da had dis ke yi. Kan wayar mai fil 19 ne, ramukan gaba biyun duk daga nan suke sha, ashe bai zauna daidai ba, taurin wayar ya janye shi gefe guda, fil ɗaya kuma ya lanƙwashe ya kwanta bai shiga raminsa ba sam. Na kashe kwamfuta na zare wuta, na miƙar da shi a hankali da ɗan hantsaki, hannuna har rawa yake don fil ɗin sirara ne, in ya karye ka shiga wani sabon babi. Na mayar na danna sosai, 5 Gbps ya fito a duka biyun.

Don haka in ka sami wannan na'urar, gudun za ka fara dubawa kafin lissafin kuskure, sifiri a 480 ba abin murna ba ne in ramin na USB 3 ne. Fara da ramin baya wanda ke manne da madabod don ka tabbatar wayar gwajin kanta ƙalau take, in ita ce ta USB 2 duk ramukan za su fito da 480 ka ɗora musu laifin banza. Kar ka bi ta hob, abin nan mai raba rami ɗaya zuwa da yawa, jona kai tsaye. Kuma kar ka yi gwajin sakan goma ka tashi, bar shi ya jima kana ɗan girgiza waya, nawa da ban taɓa ba da ban gani ba.

Abu ɗaya da ban sakankance da shi ba shi ne maganar wuta. Ganin volt 5 a allo ba ya nufin ramin zai riƙe haka in an ɗora masa nauyi, wutar da USB 2 ke bayarwa a ƙa'ida 500 mA ce, USB 3 kuma 900 mA, had dis mai juyawa kuwa lokacin tashi ya fi jan wuta. Shi ya sa bayan lufbak ya ce komai daidai sai da na jona dis na gaske na kwafi babban fayil har ƙarshe kafin na mayar da murfi na ɗaure kusoshi.