Daidaita Maleƙan Maikiroskof Kafin Fara Duba Jini

A ɗakin gwajin da nake aiki, maikiroskof ɗaya, wato na'urar ganin abubuwan da suka yi wa ido ƙanƙanta, muke rabawa, kuma a damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ba ya hutawa. Duk wanda ya tashi daga kansa yana barin maleƙan nan biyu, inda ake sa ido a leƙa, a kan ma'aunin idonsa ne. Shi ya sa ba na taɓa silaid, gilashin da ake shafa abin gwaji a kai, sai na mayar da su nawa.

Da tazarar bututun maleƙan biyu nake farawa. Ina kama su da hannu biyu, ina buɗewa ina matsewa a hankali, idanuna duka a buɗe, har da'irar haske biyun nan su haɗe su zama ɗaya. Irin namu yana tafiya daga milimita 48 zuwa 75, yawancin manya kuma tazarar idonsu tana kusa da 63. Tawa 64 ce, na rubuta a jikin bango kusa da teburin.

Sai zoben da ke jikin bututun hagu, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Da wuya a sami mutumin da idanunsa biyu suke da ƙarfi ɗaya. Nakan sa silaid a ƙarƙashin lens mai girmama abu sau 40, in kare idon hagu da 'yar takarda, in murɗa ƙaramin mamurɗin daidaita gani har jajayen ƙwayoyin jini su fito tar a idon dama. Daga nan hannuna ba ya komawa kan mamurɗin. Sai in kare idon dama, in juya zoben shi kaɗai har hagu ma ya gani tar. Na fi son takarda a kan runtse ido, don runtsewa tana matse fuska, ɗayan idon ma ya ɗan sauya gani.

Abin yana damuna in na ga ɗalibin da ya zo koyon aiki yana leƙe da ido ɗaya, ya yamutse fuska. Kafin azahar zai ce kansa na sarawa, ya ɗora laifin a kan aikin. Nakan ce masa, "Ƙanena, tashi mu gyara maka tukuna." Lamarin ma ya wuce ciwon kai. Silaid ɗin majina da ake neman tarin fuka a ciki, sai an duba fili, wato abin da ido ke gani a leƙe ɗaya, aƙalla 100 da lens ɗin da ake ɗiga wa mai kafin a rubuta babu komai. Idon da ya gaji tun a fili na 30 zai iya tsallake ɗan siririn jan sandan nan, wato ƙwayar tarin fukan, mara lafiya ya koma gida da takardar da ba gaskiya ba.

Masu tabarau su naɗe robar bakin maleƙin ƙasa don idon ya matso. Zoben yana gyara rashin ganin nesa ko na kusa, amma ba ya gyara astigimatizim, wato dishi-dishin da rashin daidaiton lanƙwasar ido ke jawowa, don haka mai irin wannan matsalar ya bar tabaransa a fuska.

Da hunturu kuma ƙura ce matsala. In na ga wani ɗigo ya ƙi gusawa, sai in juya maleƙin a mazauninsa. In ɗigon ya juya tare da shi, ƙurar a nan take. Takardar goge lens kawai nake sa masa, ban da bakin riga ko auduga, sannan in lulluɓe na'urar in an tashi.